Iskar Turakar Duba-gari

Malam Datti ya daɗe yana aikin duba-gari a ƙaramar hukumar Gaya kafin ya yi ritaya, kuma har yau akwai matan da in suka ji sallamarsa sai sun waiga sun ga ko randa a rufe take. Dogo ne siriri, da tsagen Barebari a kumatu, ba shi da faɗa amma ba a canja masa magana. Ritaya ta raba shi da kakin aiki, ba ta raba shi da hali ba. In ya je barkar suna, sai ya fara leƙa makwarara kafin ya yi wa mai gida murna.

Lokacin da ya gina gidansa, wajen fili ne fetal, sai gonaki da bishiyoyin darbejiya. Gari ya yi ta matsowa har ya cim masa. Yanzu tagar turakarsa tana kallon inda 'yan adaidaita sahu ke jeruwa suna jiran fasinja, ga injin niƙa a gefe, ga wata kwata da ta toshe tun bara, ruwanta ya yi kore. Wannan ya dame shi ƙwarai. Da damina ta kama sai ya sayo leda mai kauri da ƙananan kusoshi, ya toshe tagar nan ruf, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ya ce shi kam ya sallami iskar tasha.

Matarsa, Hajiya Kubura, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallonsa a kan kujera da guduma a hannu.

"Malam, ɗaki kake gyarawa ko rumbu?"

"Lafiyata nake karewa. Ke ba ki san abin da ke yawo a waje ba."

"To Allah ya ba da sa'a. In ka dahu a ciki ka kira ni in sauke."

Da marka ta zauna sosai, ana ruwa yau ana ruwa gobe, sai Malam Datti ya fara atishawa. Ba irin wadda mutum zai yi ɗaya ya ce alhamdulillahi ya wuce ba. Tasa jere take zuwa, musamman da asuba in ya tashi, har masu amsa masa da yarhamukallahu su gaji su bar shi. Bayan ita sai tari ya biyo, ido ya yi ja, hanci ya ƙi tsayawa. Shi kuwa bai yi wata tantama ba game da mai laifi. Duk wanda ya yi masa sannu sai ya nuna tasha da haɓa.

A cikin wannan hali ne 'yarsa Zuhra ta dawo gida. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙananan halittun da ido ba ya gani, ta kuma zo da wata jakar sanyi irin ta masu rigakafi. Da yamma ta buɗe ta nuna wa iyayenta. Wasu ƙananan faranta ne na roba masu murfi, kowanne da wani abu a daskare a ciki kamar koko ya kwana.

"Wannan kuma na ci ne?" in ji Hajiya Kubura.

"Na ci ne, Umma, amma ba namu ba. Iskar da muke shaƙa ba hayaƙi ne kaɗai a cikinta ba. Akwai abubuwa masu rai: irin fumfuna, ƙwayoyin cuta, bununin tsirrai, har ɓurɓushin busasshen kashin dabbobi. Suna manne wa hayaƙi da datti su yi ta yawo, kamar yadda mutum ke hawa acaɓa. In na buɗe farantin nan na ɗan lokaci, duk abin da ya faɗo ciki zai sami abinci. Sai in rufe in kai ɗakin gwaji, ya tsiro, mu ga ko mene ne. Shi ne binciken da zan kammala karatu da shi."

Malam Datti ya gyara zama. Bai taɓa jin karatun yarinyar nan ya yi masa daɗi kamar yau ba.

"Wato abin nan zai nuna ƙazantar iskar wuri?"

"Zai nuna abin da ke cikinta, Baba."

"Alhamdulillahi. Gobe da tasha za mu fara."

Zuhra ta ce tana bukatar wurare daban-daban: tasha, kasuwar Ajingi ranar da take ci, wata gona a ƙauye, sannan wani wuri mai tsabta da za ta gwada sauran da shi. Ta ce tana tunanin roƙon wani ofis a sakatariya.

"Wane ofis?" Malam Datti ya ce. "Na san ofisoshin nan ciki da waje. Duk faɗin Gaya babu inda ya kai turakata tsabta. Iskar waje ma ba ta shiga."

Zuhra ta ce to. Washegari kafin su fita ta ajiye faranta a turakar, ɗaya kan tebur, ɗaya kusa da gado, ɗaya a gindin durowar kaya, ta jira a tsakar gida, sannan ta koma ta rufe su. Malam Datti ya karɓi alƙalami ya ce shi zai riƙa rubuta sunan wuri a gefen kowane faranti, don aikin hukuma ba a yin sa da rubutun yara.

A tasha ya tsaya kan farantan kamar mai gadin banki. Ya hana mai shayi fifita wuta, ya kori wani direba da ya matso yana leƙe. Shugaban 'yan tashar, Ɗayyabu, mutum mai ƙiba da saurin dariya, ya zo ya rusuna ya gaishe shi.

"Baba, lafiya dai? Ko mun yi laifi?"

"Za ka ji in sakamako ya fito."

Ranar kasuwar Ajingi suka hau ƙaramar bas tun da hantsi. Zuhra ta zaɓi wurare uku: layin masu awon hatsi inda mata ke sheƙa, kusa da masu kayan miya inda ruɓaɓɓen tumatir ya taru, da bakin kara inda ake cinikin dabbobi. A nan bakin karar ne aka ji wata murya daga bayansu.

"Kai! Wa nake gani kamar Babarbare yana kiwon faranti?"

Da'u ne, wani Bafillace daga Kademi, wanda ya rage 'yan shanu kaɗan ya kama noma. Sun san juna tun suna samari, kuma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari bai taɓa barin su gaisa kamar mutanen kirki ba.

"Matsa can, ɗan Fulani, kada warin nono ya ɓata mana bincike."

"Binciken me? Iska kuke kamawa? Zuhra, 'yata, in kuɗin makaranta ne ya sa uban naki ya zauce, ki faɗa mini in sayar da maraƙi."

Zuhra ta gaishe shi tana dariya, ta yi masa bayani. Da'u ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce to ta zo gonarsa ma ta kama tasa iskar, kyauta ya ba ta. Malam Datti ya buɗe baki zai mayar masa da martani, sai atishawa ta riga maganar fitowa. Ya yi ƙoƙarin kau da kai, bai samu ba. Ta sauka a tsakiyar farantin.

"Shi ke nan," in ji Da'u. "Kin kama babban."

Dole Zuhra ta jefar da wannan ta buɗe wani, ta kuma roƙi mahaifinta, cikin ladabi, ya koma inuwa ya zauna. Bayan kwana biyu ta je Kademi ita kaɗai, daga nan ta koma makaranta da jakarta.

Malam Datti bai zauna haka nan ba. Kafin ta dawo ya gaya wa duk wanda ya tsaya sauraronsa cewa ilimi na nan tafe da hujja. Ya aika wa Ɗayyabu cewa ya zo ranar da Zuhra za ta dawo, ya kuma yi wa Da'u waya, don yana so ɗan Fulani ya ga yadda ake aiki da boko.

Ta iso da la'asar, ta tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutum biyar ko shida suna zaune. Ta gaishe su, ta matsa kusa da mahaifinta ta yi ƙasa da murya.

"Baba, da mun shiga ciki na fara nuna maka."

"Babu abin ɓoyo a aikin lafiya. Kawo."

"Baba, don Allah..."

"Kawo, na ce."

Farantan ba a fita da su daga ɗakin gwaji, hotunansu ta ɗauko a waya. Ta miƙa masa. Ya sa tabarau, ya fara turawa da yatsa. Na farko ɗigo-ɗigo ne fari da rawaya kamar an watsa gero. Na biyu ya fi yawa. Ya ci gaba har ya iso kan wani da ya sa shi yin salati. Ba a ganin kokon nan ko kaɗan. Wani abu baƙi-baƙi da kore-kore, mai gashi kamar auduga, ya cinye farantin har gefe.

"Ɗayyabu, matso ka gani," ya ce, yana ɗaga wayar. "Ga abin da kuke ɗura mana. Ga shi nan ƙiri-ƙiri. Tun yaushe nake magana a kan kwatar nan? Mutum ya tsufa a gidansa, ku hana shi numfashi. Wannan ko akuya aka sa ta shaƙa ai sai ta kwanta."

Wayar ta zaga hannu-hannu. Kowa ya gani sai ya ce subhanallahi. Ɗayyabu ya daɗe yana kallo, dariyar nan tasa ta ɗauke. Ya cire hula ya riƙe.

"Baba, wallahi ban san abin ya kai haka ba. Ka yafe mana. Yarana ma a nan suke wuni. In Allah ya kai mu Asabar zan tara yaran tasha mu yashe kwatar nan, ko da aikin zai hana mu lodi."

Ya miƙo wayar da hannu biyu. Malam Datti ya karɓa, ya sake duban hoton don ya ƙara jin daɗin nasararsa, ya buɗa shi da yatsu biyu kamar yadda ya ga yara na yi. Sai gefen farantin ya fito sosai. Akwai rubutu a wurin, mai kyau, mai tsayi, irin na mutanen da suka yi makaranta tun ana dukan hannu. Ya san rubutun, don nasa ne. Turaka, gindin durowa.

Ya ɗago ya dubi Zuhra. Ita kuwa ta sami wani abu mai muhimmanci a bakin mayafinta tana ta gyarawa.

Babu wanda ya lura. Da ya mayar da wayar aljihu ya ce Allah ya kai mu Asabar, da an tashi a haka. Ya yi niyyar hakan ma, har ya fara laluben aljihun. Amma ga Ɗayyabu durƙushe da hula a hannu yana neman gafarar laifin da ba nasa ba, shi kuma duk tsawon aikinsa bai taɓa rubuta wa wani gida laifin maƙwabcinsa ba. Ya yi gyaran murya.

"Ɗayyabu, mayar da hularka. Wannan ba na tasha ba ne."

"Na Ajingi ne?"

"Na ɗakina ne."

Da'u ne ya fara dariya, a hankali, kafaɗunsa na rawa, sannan ya kwanta a tabarma gaba ɗaya yana riƙe da ciki.

"Wayyo Allah! Akuya ma sai ta kwanta! Kai ka faɗa da bakinka!"

"Wataƙila atishawa na yi a kai," in ji Malam Datti, yana neman mafita. "Kamar na Ajingi."

"Ba ka cikin ɗakin, Baba," Zuhra ta ce a hankali. "Kuma duka ukun haka suka yi. Wannan ne dai ya fi."

Don ta rage masa nauyi sai ta karɓi wayar ta nuna musu na tashar na gaskiya. Shi ma ba abin alfahari ba ne, ƙwayoyin cuta sun yi yawa a cikinsa, musamman wanda aka ajiye kusa da kwata. Na layin masu sheƙa a Ajingi ya cika da fumfuna iri-iri. Ta ce kowane wuri da irin nasa, kuma faranti ba ya cewa ga abin da ya sa wa mutum tari, wannan sai likita. Ɗayyabu ya ce shi dai ya riga ya yi alkawari, kwata za a yashe ta. Ya tafi yana cije leɓe, sai da ya sha kwana aka ji dariyarsa ta fashe.

Washegari da safe Malam Datti ya shiga turakarsa da tocila, ya duba ta kamar gidan wani. Ya sa aka janye durowa. Bangon bayanta ya yi baƙi tun daga ƙasa har kusan silin, ga wata siririyar hanyar ruwa da ta gangaro daga inda kwano ke yoyo. Aka ɗaga kafet, ƙasansa a jiƙe, warin da ya taso ya kori kowa zuwa tsakar gida. Takardunsa na aiki da ya adana a kwali sun manne da juna. Har tsohon kakinsa, da ke rataye a can ciki, ya yi furfura.

Hajiya Kubura ta leƙo, ta toshe hanci da gefen zane.

"Ranka ya daɗe duba-gari, me doka ta ce a kan mai irin wannan ɗaki?"

"Gargaɗi ake fara yi masa."

"A da ba haka na ji kana yi ba."

"An sassauta dokar," ya ce, ya sa hannu ya fara ɓalle ledar taga.

Zuhra ta hana shi kankare bangon da kansa, ta ce ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Ta raka shi asibiti, likita ya saurari ƙirjin, ya yi tambayoyi, ya rubuta magani, ya ce ya bar ɗakin nan har a gyara shi ya bushe. Da'u da ya ji haka sai ya ce ai ga Kademi, a zo a sha iskar Allah wadda ba ta san adaidaita sahu ba. Malam Datti ya yi ta ja, daga baya ya ɗauki 'yar jakarsa ya hau bayan babur ɗin Da'u.

Da'u ya sauke shi a wata bukka mai tsabta a gefen gona, aka kawo masa fura da nono mai sanyi. Ya sha, ya miƙe ƙafa, ya dubi geron da ya kewaye su ya yi tsayi ya fitar da kai, iska na kaɗa shi. Ya ja numfashi mai tsawo, ya ce lallai ɗan Fulani yau ka yi abin kirki. Bai rufe baki ba atishawa ta zo. Ta farko, ta biyu, ta uku, har 'yan maruƙan da ke ɗaure suka zabura. Geron yana tsakiyar bununi, wani gari-gari mai ruwan ɗorawa na zuba daga kansa duk lokacin da iska ta taɓa shi, har ya sauka a kan baƙar hular Malam Datti.

"Ikon Allah," in ji Da'u. "Gari bai karɓe ka ba, ɗakinka bai karɓe ka ba, daji ma ya ƙi ka. Babarbare, anya ba hancin ne za a canja ba?"

Malam Datti ya kira Zuhra a waya yana share hawaye. Ta ce ai ta so ta gaya masa, abin da ta gani a madubin gwaji daga iskar gonar Baffa Da'u kusan duk bununi ne, amma ya riga ya hau babur. Ta ce ya sa takunkumi, ya sha maganinsa, ya kuma koma ɗakin da ke nesa da gonar. Haka ya yi kwanakinsa a Kademi da takunkumi a fuska, yaran gidan na kiransa likita, Da'u kuma na gabatar da shi ga baƙi a matsayin mutumin da iska ta kora daga Gaya.

Da ya dawo ya tarar an canja kwanon da ke yoyo, an kankare bango an shafe shi da farar ƙasa, an fitar da kafet an bar siminti. Zuhra ta ba da shawara aka fasa wata sabuwar taga ta ɓangaren tsakar gida, ita ake bari a buɗe, ta tashar kuma a rufe ta in lodi ya yi yawa. 'Yan tasha sun cika alkawari sun yashe kwata, ko da yake kafin kaka kwatar ta fara cika kuma, Malam Datti ya sami abin yin magana. Tarin ya tafi a hankali. Atishawar ta ragu ta koma irin ta kowa.

Bayan an gama girbi Zuhra ta kawo kundin bincikenta an ɗaure shi da baƙin bango. Malam Datti ya sa tabarau ya zauna a tsakar gida yana bi shafi-shafi, yana gyaɗa kai a inda ya gane da inda bai gane ba. Ya ga tashar Gaya, ya ga kasuwar Ajingi, ya ga gonar Kademi. Sai ya iso kan hoton da ya sani, ya karanta abin da ke ƙarƙashinsa.

"Zuhra, me kika rubuta a nan?"

"Na ce ɗakin kwanan wani magidanci a Gaya."

"Wani? Ni ne wani? Ni da na tsaya a rana, na rubuta sunayen farantan nan da hannuna?"

Hajiya Kubura tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Ai gyara ba wuya. A sa cikakken sunanka, da aikin da ka yi, a manna hotonka kusa da na farantin. Malaman jami'a su san ka."

Malam Datti ya sake duban hoton. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya juya shafi.

"A bar shi a wani," ya ce.